Girgiza Uku a Mota Ɗaya: Nazarin Gyaran Birki da Wutar Inji da Shaf a Tsohuwar Bas Ɗin Iyali

Motar da ake magana a kai ƙaramar bas ce ta iyali mai kujera bakwai, ƙirar farkon shekarun 2000, dangin su Sienna da Odyssey da Caravan. Injinta mai silinda shida ne, uku a gaba uku a baya, an kwantar da shi a gicciye, kuma tayoyin gaba ne ke jan ta. Giyarta otomatik ce. Birkin gaba na faifai ne, na baya na ganga, tana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki. Agogon tafiyarta ya haura kilomita 260,000. Mai ita ba makanike ba ne, mutum ne dai mai son taɓa ƙarfe. Yana da akwatin sufanu da jak da littafin gyara na ƙirar motar, kuma ya saba canza baƙin mai da filta da kansa.

Kukansa guda ɗaya ne, wai motar tana girgiza. Ya ma riga ya yanke wa kansa hukunci cewa giyabos ne ke shirin mutuwa, domin idan ya taka totur a hawa sai ta riƙa fizga, shi kuma ya ɗauka giya ce ke zamewa. Da ya tafi da wannan hukuncin, da an sauke lafiyayyen giyabos an wargaza shi, an mayar, girgizar tana nan yadda take.

Abin da ya cece shi shi ne ya zauna ya rubuta lokacin da girgizar ke zuwa da inda yake jin ta. Sai ga shi abin ya rabu gida uku. Ta farko ba ta zuwa sai ya taka birki daga gudu mai yawa, kuma a sitiyari da feda yake jin ta. Ta biyu tana nan ko mota na tsaye ana silo, tana ƙaruwa idan inji ya ɗauki nauyi, wani lokaci fitilar inji ta dashbod ta yi ta ƙyaftawa. Ta uku sai mota na tafiya yana ba ta wuta, tsakanin kilomita 60 da 80 a awa, gaban motar ya riƙa rawa gefe da gefe, da ya ɗaga ƙafa daga totur kuma sai ta ɗauke. Ban da waɗannan akwai ƙara ƙas-ƙas-ƙas idan ya karya sitiyari har ƙarshe zai fita daga wurin fakin, da ɗan warin ƙuna daga gaban hagu bayan doguwar tafiya.

Kowace girgiza akwai abin da take bi. Wadda ke bin feda ta birki ce. Wadda ke nan har a tsaye ba ruwanta da taya ko shaf (sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa taya), tunda a tsaye ba sa juyawa. Wadda ke bin gudun mota da taka totur tana cikin abin da ke kai ƙarfi zuwa taya. Giyabos kuwa ya zaro sandar awonsa ya duba: man ja ne, ba ya warin ƙuna, giya na shiga a kan lokaci, ribas ba ya jinkiri. Ya ƙyale shi. Ya tsara aikin bisa girman haɗari, birki tukuna, sai wuta, sannan shaf.

Birkin hagu

Irin wannan mota ko babu kowa a ciki nauyinta ya kusa tan 2, kuma idan aka taka birki nauyin gaba yake komawa, don haka tayoyin gaba ne ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tsayar da ita, ko ma fiye. Ya lura idan ya sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙen titi motar tana karkata hagu a hankali, amma idan ya taka birki da ƙarfi sai ta fara zabura dama. Bayan 'yar gajeriyar tafiya ya kai hannu kusa da kowane wili ba tare da ya taɓa ba. Na dama da ɗumi kawai. Na hagu kuwa hucinsa bai bar shi ya matso da tafin hannu ba.

Ya faka a daɓe mai ƙarfi marar gangara, ya ja birkin hannu, ya tokare tayoyin baya, ya sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ya ɗaga ya ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe biyu da aka yi don haka. Nan ba wurin wayo ba ne. Jak aikinsa ɗagawa, ba a shiga ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita, bulon siminti kuma yana iya dagargajewa lokaci guda ba tare da ya yi gargaɗi ba.

Da ya cire tayoyin biyu sai bambancin ya fito fili. Sabon fad, wato abin da ke matse faifai ya tsayar da taya, yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, idan ya sauko 3 lokacin canji ya yi. A dama fad biyun duk suna wajen milimita 6, sun ci daidai da juna. A hagu na waje yana da 4, na ciki kuwa bai kai 2 ba, fuskarsa ta yi santsi tana ƙyalli, faifan kuma ya yi shuɗi-shuɗi na ƙuna. A nan ne da yawa daga masu gyara da kansu suke tsayawa: fad ya cinye, a sayo sabo a sa. Da ya yi haka, da sabon ma ya bi sahun tsohon. Ruwa ba ya tsami banza, kuma fad ɗin da aka sa rana ɗaya da na dama ba zai riga su ƙarewa haka kawai ba.

Kalifar wannan mota, wato ƙarfen da ke rungume da fad biyun da faifai, mai fistin ɗaya ce. Idan aka taka birki, man birki ya tura fistin, fistin ya danna fad na ciki a jikin faifai, ita kuma kalifar ta zame a kan wasu fil guda biyu ta jawo fad na waje. Fil na sama ya zaru cikin sauƙi. Na ƙasa sai da filaya da murɗawa ya fito, a bushe, duk tsatsa, robar bakinsa ta yage ruwa ya daɗe yana shiga. Wannan ya bayyana dalilin da na ciki ya fi na waje ci. Sai dai bayan ya wanke fil ɗin ya mayar da komai na wucin gadi, ya taka feda ya saki, faifan ya ƙi juyuwa da hannu. Ashe da sauran magana.

Gwajin da ya biyo baya shi ne, a ganina, mafi daraja a aikin gaba ɗaya, kuma bai ci komai ba sai 'yan ɗigon mai. Ya yi famfon feda har faifan ya kama, sannan ya buɗe ɗan notin cire iska da ke jikin kalifa. Mai ya yi tsartuwa, nan take faifan ya saki. Ke nan fistin yana iya komawa, abin da ke riƙe da shi matsin mai ne da ya shiga ya kasa fita. Da fistin ne ya ƙafe, da buɗe notin bai canza komai ba. Saura a san inda man ke maƙalewa. Ya sake famfo, wannan karon ya sassauta haɗin da ke sama, inda bututun ƙarfe ya haɗu da tiyon roba. Faifan bai saki ba. Matsin yana tsakanin wannan haɗin da kalifa, kuma babu abin da ke tsakaninsu sai tiyo. Da a nan ya saki, da sai a ɗaga kai a dubi masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai, ko akwatin ABS.

Tiyon a ido lafiya lau yake, ba tsaga ba yoyo. Ciwon a ciki yake. Tiyon birki hawa-hawa ne, roba a ciki, saƙar zare a tsakiya, roba a waje, ramin da mai ke bi kuma bai fi milimita 3 da 'yan kai ba. A tsakiyar wannan tiyon akwai wani maƙalin ƙarfe da ke riƙe shi a jikin shokazoba, tsatsa ta kumbura a cikin maƙalin ta shaƙe shi. Ƙarfin ƙafa a kan feda yana iya tura mai ya wuce shaƙewar, sai dai a makare, shi ya sa birkin dama ke riga na hagu kamawa motar ta zabura dama. Komawar man kuwa ba ta da mai tura ta sai ɗan ƙarfin robar da ke zagaye da fistin, wanda bai taka kara ya karya ba. Sai birkin hagu ya zauna a kame, yana goga yana ɗaukar zafi, yana jan motar hagu.

Girgizar sitiyari kuma daga faifan take. An saba cewa faifai ya lanƙwashe, amma galibi abin da ke faruwa shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya a zagaye, wani wuri ya ci, wani wuri sinadarin fad ya narke ya manne. Bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa ya riƙa tura fistin baya a kowane juyi, ƙafa ta ji, hannu ya ji. A gefen kowane faifai ana buga lambar mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, a wannan motar milimita 26 ne. Na hagu ya auna ƙasa da haka, don haka maganar kai shi a goge ma ba ta taso ba. Ya samo faifai biyu, fad na gefe biyu, tiyo biyu, fil da robobinsu. Kayan birki bibbiyu ake canza su, hagu da dama, in ba haka ba wani gefen zai fi wani kamawa. Tiyon dama ma tsaran na hagu ne, ruwa ɗaya da tsatsa ɗaya suka sha.

Ɗaurin kansa ba shi da wuya, ƙananan abubuwa ne ke raba aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka. Ya rataye kalifa da waya a jikin sifirin maimakon ya bar ta tana lilo a tiyo. Da zai mayar da fistin ciki ya buɗe notin iska, don tsohon man ya zuba waje kada ya koma sama cikin ƙananan ƙofofin akwatin ABS. Ya kankare tsatsar fuskar hob, wato inda faifai ke zama, har ƙarfe ya fito fes, domin ɓarɓashin tsatsa kaɗan a nan zai sa sabon faifai ya zauna a karkace, girgizar ta dawo bayan 'yan watanni. Fil ɗin ya shafa musu giris na silikon, saboda giris na gama-gari mai tushen man fetur yana kumbura robar birki, fil ya sake ƙafewa. Kafin ya kwance tiyo ya tokare feda da sanda a ɗan danne, wanda ke rufe ƙofar masta ya hana tankin tsiyayewa. Ya sa sababbin washa na tagulla a bol ɗin tiyo, ya juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ya ga tiyon bai murɗe ba kuma ba ya gogar komai. Ƙurar birki da jiƙaƙƙen tsumma ya share ta, don ba a hura ta balle a shaƙa.

Man da ya fito ya yi baƙi. Man birki mai lambar DOT 3 ko DOT 4 yana shan laima daga iska tsawon shekaru. Ƙa'idar DOT 3 ita ce kada sabo ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salshiyas, amma idan ruwa ya kai kusan kashi 3.7 cikin 100 a cikinsa, abin da ƙa'idar ke nema ya sauko 140. Na DOT 4 kuwa 230 ne da 155. Birkin da ke goga kamar na hagun nan yana iya kai tsohon mai wannan zafin a doguwar gangara, kuma da zarar ya tafasa feda sai ta tafi ƙasa babu komai, saboda tururi yana matsuwa, mai ba ya matsuwa. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da waɗannan, kada girman lambarsa ya ruɗi kowa.

Cire iska aikin mutum biyu ne, sai ƙaninsa ya zauna a kujerar direba. Sun sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa, domin a tsohuwar masta can ƙarshen ramin da fistin bai saba zuwa ba yakan yi tsatsa ya yage roba.

"Taka ka riƙe."

"Na riƙe, Yaya."

Ya buɗe, mai da kumfa su bi siririn tiyo zuwa kwalba, ya rufe, ya ce a saki. Haka suka zagaye tayoyi huɗu bisa jerin da littafin ya bayar, yana leƙa tanki kada ya sauka ƙasa, har mai ya fito garau.

Gangunan baya bai same su da laifi ba. Takalman birkin da ke cikinsu suna da sauran kauri, ƙananan silindar ba sa yoyo. Ya wanke, ya motsa 'yar tauraruwar saiti da ta ƙafe, ya rufe. Kafin ya motsa motar ya yi famfon feda har ta yi tauri, sannan a titin da babu kowa ya yi ta rage gudu daga kilomita 60 zuwa kamar 10 ba tare da ya tsaya cak ba, don fad da faifai su saba da juna, ya bar su suka huce yana tafiya. Girgiza ta farko ta tafi, da ita da karkata da warin ƙuna.

Silinda ta huɗu da ukun da ke ɓoye

Motocin fetur da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da na Tarayyar Turai tun daga 2001, suna da soket mai ƙofa 16 a ƙarƙashin dashbod, wanda ake kira OBD-II. Ya jona 'yar na'urar karanta lambobi ta nuna masa P0304 da P0300. Ta farko tana nufin silinda ta 4 tana misin, wato wani bugun ba ya kamawa. Ta biyu tana nufin akwai misin da bai tsaya a silinda ɗaya ba. Ƙyaftawar fitila kuma ta fi kamawarta kawai muni: kwamfutar motar ce ke cewa misin ɗin ya kai matakin da ɗanyen fetur ke wucewa yana ƙonewa a cikin katalis, wato matatar hayaƙin mota, wanda zai iya narkewa ya toshe salansa.

Lambar silinda kawai ta faɗa, dalili sai an nemo. Misin na iya zuwa daga wuta, ko nozul ɗin mai, ko iskar da ke satar shiga, ko raunin matsi a cikin silinda. Wannan injin kowace silinda da kwayil ɗinta mai ba da wuta a kan fulogi, kuma ta 4 tana jerin gaba inda hannu ke kaiwa. Ya cire kwayil na 4 ya musanya da na 6, ya goge lambobin, ya zaga da motar. Lambar da ta dawo P0306 ce. Ciwon ya bi kwayil ɗin zuwa sabon gurbinsa, don haka nozul da matsin silinda ta 4 sun fita daga zargi. (Injinan da ke da kwayil guda mai kai shida da wayoyi, inda kowane ɓangare ke ba silinda biyu wuta lokaci ɗaya, da fulogi da waya ake yi musu irin wannan musayar. A can idan silinda biyun da ke ɓangare ɗaya suka yi misin tare, kwayil ake tuhuma.)

Amma lokacin da ya zaro kwayil ɗin, robar ƙafarsa a jiƙe take da baƙin mai, ta yi laushi ta kumbura, kuma a jikin farin tangaran na fulogin akwai siririn baƙin layi daga sama zuwa ƙasa. Wannan layin hanya ce da tartsatsi ya yi wa kansa. Kwayil yana ɗaga volt 12 na batir zuwa 20,000 ko 30,000 ko fiye, wutar kuma duk inda ta fi samun sauƙi nan take bi. Man ya fito ne daga zoben robar da ke rufe ramin fulogi a murfin saman inji, wanda ya bushe ya yi tauri. Da zarar layin nan ya samu, fulogi da robar kwayil tare suke tafiya. Idan aka bar ɗaya, shi zai koya wa sabon hanyar.

P0300 kuma amsarta tana baya. Fulogi ukun gaba ba su daɗe ba, an canza su a hannun wanda ya riga shi mallakar motar. Ukun baya suna can a matse tsakanin inji da bangon da ya raba shi da ɗakin fasinja, manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, ya hau kansu. Irin wannan ha'inci ya yi yawa a motoci masu wannan zubin, a canza ukun da ake gani a ce an yi sabis. Ya ɗauki hoton kowane tiyo da soket da wayarsa kafin ya cire, ya cire kan batir, ya ɗaga manifol, ya toshe ramukan da tsumma mai tsabta don kada noti ya faɗa. Fulogin da suka fito daga can bakinsu ya cinye, gibin da ya kamata ya zama milimita 1.1 ya kusa 1.7. Gibi in ya faɗaɗa, sai kwayil ya ƙara ƙarfin wuta kafin tartsatsi ya tsallaka, musamman idan an taka totur matsi ya ƙaru a silinda. Fizgar hawa ke nan, wadda aka so a ɗora wa giyabos.

Ya canza fulogi shida da irin lambar da littafin ya faɗa, da kwayil ɗaya, da gaskit na murfin sama gaba da baya tunda hanya a buɗe take, da gaskit na manifol. Kan injin na alminiyom ne, don haka sai da ya huce sarai. Ya tsane man da ke ramukan kafin cirewa, ya fara ɗaura kowane fulogi da yatsu, sannan ya ƙarasa da sufana mai auna ƙarfin ɗauri, abin da ga irin waɗannan fulogi yakan faɗa tsakanin niyutan-mita 18 da 25. Wasu za su ce tunda an buɗe baya a canza kwayil ukun can gaba ɗaya. Dabarar da ya yi ta fi burge ni: sabon kwayil ɗin ya kai shi baya, ya ɗauko wanda ya fi nuna gajiya a can ya dawo da shi gaba, inda in ya mutu bol ɗaya ne a cire shi.

Silo ya daidaita, fitila ta mutu, fizga a hawa ta tafi. Rawar nan ta tsakanin 60 da 80 kuwa tana nan, kuma yanzu da babu wata girgiza da ke rufe ta, ta fito sarai.

Shaf

Tun wajen aikin birki ya ga alamar: baƙin giris a fantsame a cikin wilin hagu da jikin shokazoba, da robar kan shaf ta waje a yage a cikin lanƙwasarta. Shaf ɗin da ke kai juyi daga giyabos zuwa taya yana da gaɓa biyu, kuma aikinsu ya bambanta. Ta waje, wajen taya, ƙwallayen ƙarfe shida ne a cikin keji, ƙirar da Alfred Rzeppa, injiniya a kamfanin Ford, ya fito da ita a shekarun 1920. Ita ke lanƙwasa sosai idan an karya sitiyari. Ta ciki, wajen giyabos, mai yatsu uku ce da boris a kowane yatsa, tana shiga tana fita cikin kofinta yayin da taya ke hawa da sauka. Ta waje idan ta ci sai ta yi ƙas-ƙas a kwana. Ta ciki ba ta cika ƙara ba, ramuka take yi a bangon kofin, idan an ba da wuta yatsun su riƙa faɗawa suna fitowa, motar ta yi rawa, a ɗaga ƙafa ta daina. Ya kama shaf kusa da kofin ciki ya girgiza sama da ƙasa. Na hagu yana da wasa mai yawa, na dama kaɗan.

Da an ga yagewar da wuri, kafin ƙara ta fara, da wanke gaɓa da sabon giris da sabuwar roba sun wadatar, kuma asalin shaf ɗin da ya zo da mota sau da yawa ya fi na canji inganci. Amma gaɓar da ta fara ƙara ta riga ta ci yashi, giris ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Tunda gaɓa biyun duk sun gaji, shaf ɗin gaba ɗaya ya nema.

Babban notin tsakiyar taya shi ne farkon gwagwarmaya. A irin waɗannan motoci ana ɗaure shi da niyutan-mita 200 zuwa 300, shekaru kuma sun ƙara nasu. Ya miƙe bakin notin da aka dandaƙe cikin tsagar shaf, ƙaninsa ya taka birki, shi kuma ya zura dogon bututu a hannun sufana ya karya shi. Ya cire sensar ABS ya ajiye gefe, ya raba bol-joyin na ƙasa maimakon kwance bol ɗin shokazoba, don kada saitin taya ya ƙara gocewa, ya jawo hob waje. Kan shaf ɗin ya manne a cikin hob. Ya mayar da tsohon notin har ya yi daidai da bakin shaf, ya buga a kan notin da gudumar tagulla don kada zaren ya baje. Ɓangaren giyabos wani ɗan zoben waya ne ke riƙe shi a ciki. Ba a jan shaf daga tsakiya, gaɓar ciki ce za ta rabu biyu a bar kofi a maƙale. Ƙarfe ake sawa tsakanin kofin da jikin giyabos a yi masa ɓamɓara ɗaya mai kaifi. Ya fito, man giya ya biyo shi cikin kwanon da aka tara.

Kafin ya sa sabon ya kwantar da shi kusa da tsohon. Tsawo ɗaya, haƙoran da ke shiga hob ɗaya, na giyabos ɗaya. Amma a wuyan gaɓar waje ta tsohon akwai zobe mai haƙora wanda sensar ABS ke ƙirgawa don sanin gudun taya, sabon kuwa wuyansa sumul. Na ƙirar da ba ta da ABS ne. Da ya shiga daram, motar ta tafi, fitilar ABS ta kama, a dawo a sake kwance komai. Ya mayar aka ba shi mai zobe, ya ƙirga haƙoran zoben biyu suka zo daidai.

Sil ɗin bakin giyabos ya canza shi tunda tsaran motar ne, ya shafa masa man giya, ya shigar da shaf a miƙe don kada haƙora su yanki leɓen sil ɗin. Ya tura har ya ji zoben ya faɗa gurbinsa, ya ja kofin da hannu ya ga ba ya fitowa. Sabon noti ya sa, ya ɗaure da sufana mai awo daidai lambar littafi tun motar tana sama, ƙaninsa na kan birki, sannan ya dandaƙe bakin. Wannan notin bayan riƙe shaf shi ke matse boris ɗin taya ya zauna yadda aka ƙera shi. Idan aka sauke nauyin mota a kan taya, balle a gangara da ita, alhali notin a sake yake, boris na iya lalacewa nan take, ya fara gurnani bayan ɗan lokaci a rasa dalili. Bindigar iska ta ɗaure noti kuma ba ta san awo ba. Ya cika man giya da irin wanda aka rubuta wa motar, ya duba sandar yadda littafin ya ce, ya ɗaure notocin taya a gicciye.

Ƙas-ƙas ta tafi, rawa ta tafi, sai wani sabon abu ya ɓullo. Idan zai tsaya, daidai lokacin da gudu ya sauko zuwa na tafiyar ƙafa, feda ta yi gurnani a ƙarƙashin ƙafarsa, motar ta ɗan ƙara gaba kafin ta tsaya, a busasshen titi, fitilar ABS kuma ba ta kama ba. Sensar motocin wancan lokacin maganaɗisu ce da waya a naɗe. Ƙarfin siginar da take bayarwa yana raguwa idan taya ta rage gudu, yana kuma raguwa idan sensar ta yi nisa da zoben. Idan siginar taya ɗaya ta ɓace kafin ta sauran, kwamfuta sai ta ɗauka tayar ta kulle, ta sassauta mata birki. Ya sake cire sensar hagu. Bakinta ya tara ɓarɓashin ƙarfe da tsohon giris ɗin da ya fantsama, gurbin da take zama kuma tsatsa ta taso ta tokare ta, ba ta kai ƙasa ba lokacin da aka mayar da ita. Ya goge bakin, ya kankare gurbin, ta zauna. Gurnanin bai dawo ba.

Akwai abin da bai kai gare shi ba tukuna. Robobin shaf na dama sun fara tsattsagewa a lanƙwasa amma ba su huje ba. Wannan shaf ɗin ya fi tsawo, yana da boris a tsakiya da ke ɗaure a jikin inji, wanda tsatsa kan manne shi a gurbinsa, don haka ya fara jiƙa wurin da man sassauta tsatsa yana shirin canza robobin kafin su fashe. Saitin tayoyi kuwa gareji mai na'ura ya kai, saboda gefen tayar hagu ya riga ya ci kuma wannan ba a auna shi da ido. A can ne aka nuna masa cewa boris ɗin tayar hagu, wanda ya daɗe yana shan zafin birkin nan, ya fara ɗan wasa, aka ɗage saitin sai bayan an canza shi. Na wannan ƙirar da injin matsi mai ƙarfin tan da yawa ake cusa shi cikin gidansa. Ya yanke shawarar zai kwance gidan da kansa ya kai a matse masa, ya dawo ya ɗaura da wani sabon notin shaf, tunda wanda ya riga ya dandaƙe ba ya sake aiki.